Johnny St. Cyr: Mai Aikin Filasta Da Ya Riƙe Wa Louis Armstrong Kiɗa Da Banjo Mai Tsirkiya Shida

Yau za mu ɗan ajiye zancen sababbin finafinai da waƙoƙin da ke tashe, mu koma baya kusan shekara ɗari, mu tafi Amurka. Mutumin da na kawo muku ba mawaƙi ba ne, ba kuma shi ne ake sakawa a tsakiyar hoto ba. Yana zaune ne a gefe, riƙe da wani abin kiɗa da har yau wasu ke yi wa kallon raini. Sunansa Johnny St. Cyr, ana furta shi kamar Sent Siya, kuma in ka taɓa jin tsofaffin faya-fayen Louis Armstrong to ka ji hannunsa, ko da ba ka san sunansa ba.

Dalilin da ya sa na zaɓe shi shi ne wata magana da masu kaɗa jita ke yawan ji. Wai banjo mai tsirkiya shida kayan malalata ne, na wanda ya iya jita amma ya ƙi zama ya koyi banjo na gaskiya. Ni dai ban yarda da wannan magana ba, kuma rayuwar wannan dattijo ita ce hujjata.

To wai mene ne banjo ɗin?

Ka ɗauki ɗan ƙaramin ganga mai faɗi, ka sa masa doguwar wuya, ka ja tsirkiyoyi su bi ta kan fatar. Banjo kenan a taƙaice. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karibiyan tun ƙarni na 17, da duma da fatar dabba. Shi ya sa duk Bahaushen da ya gan shi zai ji kamar ya san shi. Danginsu ɗaya da gurmi da molo da garaya, da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos: tsirkiya a kan fata, sauti mai kaifi, ya fita tas ya mutu nan take.

A Amurka banjo ya rabu kala-kala. Akwai mai tsirkiya biyar, wanda ta biyar ɗin gajera ce, ita ke ba da wannan ƙarar da ake ji a finafinan kaboyi da kiɗan ƙauyukan Amurka. Akwai mai tsirkiya huɗu, wanda akasarin makaɗan jaz na shekarun 1920 suka riƙe, ana ɗaure shi a kan C, G, D, A. Sai mai shida, wanda jikinsa na banjo ne amma wuyarsa ta jita ce, kuma ana ɗaure shi daidai da jita: E, A, D, G, B, E. Ma'ana duk inda mai jita ya saba ɗora yatsunsa na hagu, nan zai ɗora su. Daga nan ne zargin lalaci ya samo asali.

Yaron New Orleans

An haifi Johnny St. Cyr ranar 17 ga Afrilu, 1890, a birnin New Orleans da ke jihar Luwiziyana, daf da inda kogin Misisifi ke faɗawa teku. Wannan gari shi ne mahaifar jaz. A lokacin ƙuruciyarsa kiɗa yana ko'ina, a gidan rawa, a wajen biki, a fareti, har a rakiyar gawa zuwa maƙabarta.

Amma fa kiɗa ba ya ciyar da gida shi kaɗai. Da yawa daga makaɗan garin suna da sana'ar hannu da suke yi da rana. Alphonse Picou, shahararren mai busa kilarinet, maƙerin kwano ne. Shi kuma St. Cyr filasta ya koya, wato shafe bango da silin, sana'ar da baƙaƙen fata na New Orleans suka yi suna a kanta. Ku riƙe wannan batu na filasta, don za mu sake cin karo da shi a gaba.

Da jita ya fara. Da ita ya shiga manyan ƙungiyoyin makaɗa na garin, irin su Superior da Olympia da Tuxedo, ya kuma yi aiki da A.J. Piron mai goge irin na Turawa. A irin waɗannan ƙungiyoyi aikin mai jita ba burga ba ne. Shi ne mai riƙe taku, yana buga huɗu-huɗu ba fashi, yana nuna wa masu busa inda waƙa ta dosa. In ya yi tuntuɓe kowa ya faɗi, in kuma ya yi daidai ba mai lura da shi.

Wajen ƙarshen yaƙin duniya na farko ya samu aiki a jiragen ruwan shaƙatawa na kamfanin Streckfus da ke yawo a kogin Misisifi, ƙarƙashin wani mai fiyano, Fate Marable. Marable mutum ne mai tsanani, yana son makaɗansa su iya karanta kiɗa a rubuce. A cikin wannan ƙungiya akwai Baby Dodds mai ganga, da Pops Foster mai bes, da wani saurayi mai busa ƙaho wanda St. Cyr ya girme shi da shekara 11. Saurayin nan shi ne Louis Armstrong.

Me ya sa mai jita ya koma banjo?

Ka tuna a wancan zamani babu lasifika, babu jita mai wuta. Ka yi tunanin zauren rawa cike da ɗaruruwan mutane, ga takun ƙafa, ga surutu, ga ƙaho da turombon suna tsaga kunne. Jitar katako ba ta da muryar da za ta keta wannan hayaniya. Banjo kuwa yana da ita, saboda fatarsa tana harba sauti kamar bugun ganga.

Wajen ɗaukar faifai ma haka abin yake. Kafin a fara amfani da makirufo a 1925, makaɗa suna tsayawa ne gaban wani babban mazurari, ƙarfin sautinsu ne kawai ke girgiza allurar da ke zana kiɗan a kan kakin zuma. Abin da ba shi da ƙarfi ba ya hawa faifai. Don haka masu ƙungiyoyi suka koma neman banjo, masu jita kuma aka bar su da zaɓi: ko ka canza, ko ka rasa aiki.

Da yawa sun koma mai tsirkiya huɗu, suka sake koyon ɗora yatsu daga farko. St. Cyr ya riƙe mai shida. Wani zai ce ai sauƙi ya bi. To amma ku duba abin da ya tsira da shi. Banjo mai huɗu muryarsa a sama take, siririya, ba ta da gindi. Mai shida kuwa yana da tsirkiyoyin nan biyu masu kauri na ƙasa, E da A, waɗanda ke sauka inda mai huɗu ba ya iya zuwa. Da su mutum zai iya buga bes da kansa, yana tafiya daga wannan kod zuwa wancan, sannan ya watsa sauran tsirkiyoyin a kai. Mutum ɗaya, aikin mutum biyu. Ba a daɗe ba aka ga amfanin wannan.

Shikago da faya-fayen da suka canza komai

A 1923 St. Cyr ya bi sahun dubban baƙaƙen fata da ke barin kudancin Amurka, inda wariyar launin fata ta fi tsanani, ya tafi Shikago. A shekarar ya kaɗa a wasu faya-fayen King Oliver, ubangidan Armstrong a harkar busa. Aikinsa na kullum kuma yana tare da babbar ƙungiyar Doc Cook, wadda ke kiɗa a gidan rawa na Dreamland.

Ranar 12 ga Nuwamba, 1925, kamfanin OKeh ya tara mutum biyar a sutudiyo. Armstrong da ƙahonsa, Kid Ory da turombon, Johnny Dodds da kilarinet, Lil Hardin matar Armstrong a kan fiyano, sai St. Cyr da banjo. Aka sa musu suna Hot Five. Kusan a sutudiyo kawai suke haɗuwa, in an gama ɗauka kowa ya koma wajen aikinsa na dare.

Ku sake ƙirga su. Babu mai ganga, babu mai bes. Uku masu busa ne, kowa yana jan waƙa ta nasa ɓangaren. Wa zai riƙe ƙasa? Hannun hagun Lil a kan fiyano, da tsirkiyoyin nan masu kauri na St. Cyr. Shi ne gangar, shi ne bes ɗin. Da mai tsirkiya huɗu ya riƙe, da kiɗan ya rasa rabin gindinsa.

Cikin abin da suka ɗauka ranar akwai "Gut Bucket Blues". Da banjon St. Cyr aka buɗe shi, kuma a cikinsa Armstrong yana kiran makaɗan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu yayin da kowa ke nuna abin da ya iya. St. Cyr aka fara kira, kuma da lakabin girmamawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne fa. A kudancin da suka baro, Bature ba ya kiran baƙar fata da irin wannan lakabi ko da furfura ta cika masa kai. Sai ga shi ya hau faifai, ana sayarwa a kasuwa.

Ranar 26 ga Fabrairu, 1926, suka ɗauki "Heebie Jeebies", waƙar da ta yaɗa salon nan na rera sauti da baki ba tare da kalmomi masu ma'ana ba. Kowa yana maganar muryar Armstrong a wurin, kuma ya cancanta. Amma in ka sake saurara, ka bar muryar, ka bi abin da ke ƙarƙashinta, banjo ne ke ɗauke da ita, taku bayan taku, ba gaggawa ba jinkiri. Armstrong yana iya wasa da lokaci, ya ja baya ya zabura gaba, saboda ya san akwai wanda ba zai motsa daga wurinsa ba. A wannan ranar dai suka ɗauki "Oriental Strut", wanda St. Cyr ne ya tsara shi da kansa.

Ba Armstrong kaɗai ke nemansa ba. Jelly Roll Morton, mai fiyano kuma mai tsara kiɗa wanda ba ya ɗaukar wargi a kan aikinsa, ya sa shi cikin ƙungiyarsa ta Red Hot Peppers. Ranar 15 ga Satumba, 1926, suka ɗauki "Black Bottom Stomp" wa kamfanin Victor, wannan karon da makirufo, don haka sautin ya fi fita. A nan an ba banjo fili shi ma ya yi magana, kuma in kana son jin yadda mai shida ke ƙara a hannun gwani, daga nan za ka fara. A Mayun 1927 aka ƙara wa ƙungiyar Armstrong mutum biyu, Baby Dodds da ganga da Pete Briggs da babban ƙahon bes, ta zama Hot Seven, suka ɗauki su "Potato Head Blues" da "Willie the Weeper". St. Cyr yana nan a kujerarsa.

Wato cikin shekara biyu, ƙungiyoyi biyu da masana ke ɗauka a matsayin ƙololuwar jaz na farko duk mutum ɗaya ne ke riƙe musu taku. Wallahi in lalaci ne ke kai mutum nan, to kowa ma ya zama malalaci.

Abin da mai jita zai tarar

Bari in ɗan tsaya a nan saboda 'yan uwa masu kaɗa jita da ke karatu. Gaskiya ne hannun hagu ba ya buƙatar sabon karatu. Amma hannun dama sai ya koma makaranta.

Jita tana riƙe sauti. Ka kaɗa tsirkiya ɗaya, za ta yi ta amo tana raguwa a hankali. Banjo ba ya haka, yana faɗin maganarsa ya yi shiru. Duk salon da ya dogara da jan sauti, kamar lanƙwasa tsirkiya a bar ta tana kuka, ba ya tafiya a kansa. Dole ka cike gurbin da yawan bugu ko da tsarin taku.

Na biyu, in ka watsa duka shidan da ƙarfi kamar yadda ka saba a jita, abin da zai fito hayaniya ce, masu kaurin su danne siraran, komai ya cakuɗe. Sai ka raba aikin: ka taɓa ta ƙasa ita kaɗai, sannan ka bi da uku ko huɗu na sama, ka kuma koyi kashe sauti da gefen tafin hannu. Haka St. Cyr ke yi, shi ya sa kiɗansa ke fita a tsabtace.

Na uku, kayan da kansa yana da halinsa. Ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa ba a manne yake ba, matsin tsirkiya ne kawai ke riƙe shi a kan fata, in ya goce sauti ya karkace. Taurin fatar ma yana canza murya, in ta saki sai sautin ya yi laushi ya dushe. Kuma kada ka sa ran zai ba ka irin ƙarar mai tsirkiya biyar ta su Earl Scruggs, don ba shi da gajerar tsirkiyar nan. Wanda ya saye shi don ya kwaikwayi wancan zai ji haushi. Wanda ya karɓe shi a matsayin abin kiɗa mai zaman kansa zai samu abin da sauran biyun ba su da shi.

Komawa kan cokalin filasta

Makirufon da ya fito da muryar banjo a fili shi ne kuma ya rage masa kasuwa. Tunda yanzu ana iya ɗaukar sauti mai laushi, jita ta dawo, mutane irin su Eddie Lang da Lonnie Johnson suka nuna abin da za ta iya. A Disambar 1927 ma Lonnie Johnson ya shiga ɗaukar Hot Five, inda a "Savoy Blues" za ka ji shi tare da St. Cyr. Daga 1928 Armstrong ya canza makaɗan da yake ɗauka da su. Sai tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, gidajen rawa suka yi ta rufewa, cinikin faifai ya faɗi.

St. Cyr ya tattara ya koma New Orleans, ya ɗauki cokalinsa ya koma shafe bango. Armstrong ya ci gaba da hawa, ya shiga finafinan Hollywood, ya zaga duniya, ya je Ghana a 1956, ya zo Najeriya a 1960. Shi kuwa mutumin da ya riƙe masa taku a faya-fayen da suka fara ɗaga shi yana kan tsani da siminti a hannu, yana kiɗa da dare ko a ƙarshen mako in an samu.

Za ka iya kallon wannan a matsayin abin tausayi. Shi bai nuna haka yake kallonsa ba. A 1949 mai binciken kiɗa Alan Lomax ya yi hira da shi lokacin da yake haɗa littafinsa a kan Jelly Roll Morton, kuma ra'ayin da St. Cyr ya bayyana shi ne cewa ƙarfin kiɗan jaz daga jikin ma'aikaci yake fitowa, mutumin da ke aikin ƙarfi yana da lafiya. A wurinsa filasta da banjo ba kishiyoyi ba ne. Sana'ar ce ta sa da kasuwar kiɗa ta mutu bai zama abin tausayin kowa ba.

Jirgin ruwa na biyu

Bayan yaƙin duniya na biyu mutane suka sake waiwayar tsohon jaz na New Orleans, aka shiga neman dattawan da suka rage. St. Cyr ya kaɗa da ƙungiyar Paul Barbarin mai ganga, sannan a tsakiyar shekarun 1950 ya koma Los Angeles a jihar Kalifoniya.

Ga inda masu son fim za su ji daɗi. Daga 1961 ya zama jagoran wata ƙungiya a filin wasa na Disneyland, mai suna Young Men from New Orleans, wato samarin New Orleans. Sunan barkwanci ne, don shi kansa jagoran yana da shekara 71. A kan wani jirgin ruwa mai suna Mark Twain suke kiɗa, wanda aka ƙera shi da siffar jiragen Misisifi na da, yana zagaya wani kogi da aka haƙa. Mutumin da ya yi aiki a jirgin gaske a kogin gaske, ga shi a tsufansa yana kiɗa a kwaikwayonsa, masu yawon buɗe ido suna tafi.

A kan wannan jirgi aka ɗauki wani ɓangare na shirin talabijin na Walt Disney mai suna "Disneyland After Dark", wanda aka nuna a 1962. Armstrong ya zo, Kid Ory ya zo, ga St. Cyr da banjonsa. Uku daga cikin biyar ɗin Hot Five, bayan fiye da shekara 35, suna kiɗa tare. Ku neme shi a YouTube ku kalla, ku lura da yadda dattijon ke zaune, hannun dama yana sauka daidai kamar agogo.

Ya ci gaba da wannan aiki har rasuwarsa a Los Angeles ranar 17 ga Yuni, 1966, yana da shekara 76.

Abin da ya bari

Banjo mai shida bai mutu tare da shi ba. Danny Barker, shi ma ɗan New Orleans, ya riƙe shi har tsufa. Django Reinhardt, gwanin jitar da ya tashi a Faransa, da irinsa ya fara kafin ya koma jita. James Taylor ya kaɗa shi a waƙar Neil Young mai suna "Old Man" da ta fito a 1972. A zamaninmu Keith Urban yana amfani da shi, Taylor Swift ma ta riƙe shi a kan dandamali lokacin da take rera "Mean". Duk masu jita ne da suka so muryar fata ba tare da sun zubar da abin da hannunsu ya sani ba.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda muke sauraron kiɗa. Waƙar fim ta fito, kowa ya san mawaƙin, kowa ya san jarumi da jarumar da suka hau kanta. Amma wanda ya kwana a sutudiyo yana buga fiyano, ya haɗa bugun da ya sa ƙafarka ke motsi, mu nawa ne za mu iya faɗin sunansa? Armstrong dai ya kira sunan nasa makaɗin a faifan farko da ya fitar da sunansa, shi ya sa yau muke iya ba da labarin St. Cyr. Mawaƙanmu ma da yawa suna ambaton mai kiɗa a cikin waƙa, mu ne ba ma tsayawa mu ji.

Ga aikin gida. Ku nemo "Gut Bucket Blues", "Heebie Jeebies" da "Black Bottom Stomp", kowanne wajen minti uku ne. Ku sa abin kunne, don lasifikar waya ba za ta fito da tsirkiyoyin ƙasa ba. Sauraro na farko ku bi ƙaho yadda kuka ga dama. Na biyu ku ƙyale shi, ku bi banjo daga farko har ƙarshe. Bayan nan sai ku ɗauko waƙar Hausa da kuka fi so a bana ku yi mata haka, ku kuma binciko wanda ya buga kiɗan.